Auren Kan Dandamali

Ranar da Marwa ta fara hawa dandamali, tsoro ya riga ta hawa. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na jami'a sun zuba mata ido, malamarsu Madam Zubaida tana zaune da biro a hannu. Ita kuwa baiwar Allah layi uku kacal aka ba ta, ukun nan duk suka gudu suka bar ta tsaye.

Sai ta ji wata murya ƙasa-ƙasa daga bayan labule tana karanto mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ta bi muryar nan har ta kai ƙarshe.

Da aka tashi ta leƙa bayan labulen. Wani dogon saurayi ne siriri, rungume da takardu. Lamine sunansa, ɗan Kona. Shi ke rubuta wasanni, shi ke tuna wa 'yan wasa in sun manta, amma ka ce ya fito gaban mutane ya buɗe baki, to ka gama da shi.

"Na gode, Allah shi saka," in ji ta.

"Ba komi. Kin iya, tsoro ne kawai. Kina ta rawa kamar kurciyar da aka kama."

"To kai da ka ɓoye bayan labule fa?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya. Tun daga ranar ta zama Kurciya, shi kuma ta laƙa masa Mai Raɗa. Matsorata biyu ne Allah ya haɗa, kuma ba su ɗauki lokaci ba suka kamu da son juna. Abin da ya kasa faɗa a gabanta, a waya yake rubuto shi.

"Kurciyata, yau da kika yi dariya a wajen gwajin wasa na ɓatar da shafin da nake bi. In Madam ta kore ni, ke ce."

"Mai Raɗa, in ta kore ka wa zai tsaya mini bayan labule? Ka riƙe shafinka, ni na riƙe ka."

A hutun shekara ta biyu ya yi ta maza ya je garinsu Attantane gaishe da mahaifiyarta. Inna Hajara mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, Sufyan da Marwa, kuma ba ta san kwana-kwana ba.

"Mi kake yi, yaro?"

"Ina rubuta teyatur, Inna, wasan kwaikwayo." Ƙasa yake kallo, muryar ma sai an kasa kunne.

"Teyatur aiki ne? Ubanta ya bar wasiyya ta yi karatu, na bar ta. Amma ba ni ba da ɗiyata ga namijin da ba shi iya ɗaga kai shi yi magana. Ran da wani abu ya same ta, raɗa za ka yi mata?"

Ya koma Kona jiki a sanyaye. Marwa ta sha kuka, amma ba su rabu ba.

Akwai kuma Abdurrahamane, ɗan Tasawa, tauraron ajinsu. Ga kyau, ga murya, ga iya gaisuwa. Sau biyu yana neman Marwa, sau biyu tana ba shi haƙuri, shi kuwa bai taɓa yarda cewa mace za ta iya ƙin sa da gaske ba.

A shekarar ƙarshe, bayan an gama girbi, sashen ya buɗe kakar wasanninsa kamar yadda ya saba. Ɗalibai suka nuna wasanni biyar a Maraɗi, aka zaɓi na Lamine a zagaya da shi ƙauyuka. Labarin garuruwa biyu ne da ke rigima kan rijiya, aure ya sasanta su a ƙarshe. Marwa ce amarya Halima, Abdurrahamane ne ango. Madam ta ce ba mai samun maki sai ya hau dandamali, don haka ta tilasta wa Lamine fitowa a matsayin wakilin ango, da layi ɗaya tak. Da aka rasa abin da za a nuna a matsayin sadaki, ya ciro wani tsohon zoben azurfa daga aljihu ya ce a yi da shi.

Tasawa lafiya, Kona lafiya, Baudeta har da guɗa. Saura Attantane, garin su Marwa.

A hanya zazzaɓi ya kwantar da ɗalibin da ke fitowa a uban amarya. Madam tana ta safa da marwa a filin makarantar da aka kafa dandamali, sai ga Sufyan, wan Marwa, ɗan kasuwar wake mai gemu da barkwanci, ya zo taya su kafa rumfa.

"Layi biyu ne kawai?" in ji shi. "Ku ba ni rigar. Ni da nike cinikin wake da mutanen Jibiya, layi biyu za su gagare ni?"

Bayan la'asar gari ya hallara kaf. Wasa ya yi daɗi, har aka zo ɗaurin aure. Sufyan ya fito cikin babbar riga, abokansa suka ɗauki ihu suna kiran sunansa. Kansa ya fasu, sunan Halima ya fice masa fit. Ya gyara murya ya ce:

"Ni Sufyan, na ba da ƙanwata Marwa aure bisa wanga sadaki!"

Fili ya kece da dariya. Lamine ya miƙa zoben, ya ce, "Na karɓa." Mai fitowa a liman ya ja Fatiha, jama'a kuwa da gaske suka ɗaga hannu suka shafa. Aka kai wa amarya zobe ta saka.

Ana shirin tafi sai Liman Sidi, limamin garin, ya miƙe daga kujerar gaba yana dogara sanda.

"Ku dakata. Yaron ga wanta ne ciki ɗaya, ubansu ya rasu, shi ne waliyyinta na gaskiya. Ya ambaci sunanta, an ba da sadaki, an karɓa, ga shaidu cike da fili. Aure ba a wasa da shi, ko da wasa aka ɗaura shi yana kamawa. Ni dai ina tsoron auren ga ya ɗauru."

Dariya ta ɗauke ɗif. Wani daga baya ya ce, "Da wa?"

"Da ango mana!" in ji wata murya.

Marwa ta juya. Abdurrahamane yana tsaye cikin kayan angwanci, murmushi na shimfiɗuwa a fuskarsa a hankali. Ta ji ƙasa na juyawa da ita. Da ba a riƙe ta ba, da ta faɗo daga dandamalin.

Liman ya ce a ba shi mako guda ya tuntuɓi 'yan uwansa malamai. Motar ɗalibai ta koma Maraɗi ba Marwa, don Inna ta ce ƙafarta ba ta fita sai an san matsayinta.

Wannan makon Marwa ba za ta manta da shi ba har ta mutu. Abinci ya ƙi shiga. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka dangin Abdurrahamane ne suka zo ɗaukar ta. Matan unguwa na shigowa da tsokana, "Ina amaryar teyatur?" su a wasa, ita kuwa kamar ana yanka ta. Zoben ta cire ta ƙulle a bakin zane, tana tsoron sa shi, tana tsoron rabuwa da shi. Sufyan mai barkwanci ya koma kurma, ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

Saƙon Abdurrahamane ya shigo rana ta biyu.

"Amaryata, ni ban roƙa ba, Allah ne ya ba ni a gaban jama'a. In malamai suka ce ya ɗauru, ki sani ba ni saki."

Ta jefar da wayar kan katifa, ta sake ɗauka ta rubuta wa Lamine.

"Mai Raɗa, ina jin tsoro. Ka ce mini wani abu."

Shiru. Ta sake, ta kuma sakewa. Sai a rana ta huɗu amsa ta zo.

"Ki yi haƙuri, Marwa. In har matar wani ce ke, ba ni da ikon kiran ki da sunan da na saba. Da hannuna na rubuta abin da ya jawo miki wannan."

Marwa ya ce, ba Kurciya ba. Ta karanta ya fi sau ashirin, ta gama yarda cewa ya sallama ta. Ashe gaskiyar Inna ce, ranar tsanani ko raɗar ma babu.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a zauren Liman Sidi. Ga malamai biyu daga Mayahi, ga Madam Zubaida, ga Sufyan, ga samarin biyu. Inna da Marwa suna zaune daga bakin ƙofar cikin gida. Lamine ya rame, idanunsa sun faɗa. Da ta gan shi haka sai fushinta ya rasa wurin zama.

Liman ya fara da Abdurrahamane.

"Ango ba shi karɓar aure da bakinshi a nan ƙasar, wakili yake turawa. Kai ka wakilta yaron ga shi karɓa maka?"

"A takardar wasan, Malam..."

"Ba takarda nike tambaya ba. Kai da bakinka."

"A'a."

"Zoben naka ne?"

"A'a."

"To na wane ne?"

"Nawa ne, Malam." Da ƙyar aka ji Lamine.

"Ɗaga murya, ni tsoho ne."

Gumi ya jiƙa wa Lamine riga. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa cikin na Inna Hajara, kuma bai sauke ba.

"Na mahaifiyata ne. Ta ba ni in ajiye wa wadda zan aura. Na kawo shi cikin wasan ne don ina son in gan shi a hannun Marwa, ko da na ƙarya ne."

"Da ka ce ka karɓa, wa ka karɓa wa?"

"Malam, Allah na gani na. A Tasawa na faɗi kalmar ga, a Kona, a Baudeta, a nan. Ban taɓa faɗin ta da niyyar wani ba. Kowane karo kaina nike karɓa wa a zuciyata, don na san nan ne kaɗai za a bar ni in faɗa. In laifi ne, nawa ne, ba nata ba. Ina son ta, Inna. Ina son ta da aure."

Muryarsa har waje aka ji ta. Madam Zubaida ta saki baki, shekara uku tana neman wannan muryar ba ta samu ba.

Malaman suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, sannan Liman ya juyo wajen ƙofa.

"Saura magana ɗaya. Wa ba shi aurar da ƙanwa sai da yardarta. Marwa, ke muke saurare."

Bisa sabo ta karkata kunne gefe tana jiran raɗa, amma yau ba labule, ba takarda, ba wanda ya rubuta mata abin faɗa. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro zoben.

"Ban yarda da Abdurrahamane ba, Malam, kuma ya sani tun ba yau ba. Mai zoben ga nike so. In Inna ta hana, zan mayar mishi da abinshi, amma ba ni son kowa bayanshi."

Liman ya gyaɗa kai. Ya ce babu aure tsakaninta da Abdurrahamane, tunda bai wakilta ba, bai bayar ba, ba a kuma yarda da shi ba. Na Lamine ma ba za a gina gida kan shakka ba, sai dai a sake ɗaurawa yadda ya kamata in iyaye sun amince. Ya kuma ja kunnen Madam da Sufyan, har sai da gemun Sufyan ya taɓa ƙirji.

Abdurrahamane ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba ya ce, "Allah shi sa alheri." Ya fita.

Kowa ya koma kallon Inna. Ta daɗe tana duban Lamine daga sama har ƙasa.

"Ashe kana da baki," in ji ta. "To ka turo manyanka."

Marwa ta kifa kai a cinyar uwarta ta fashe da kuka, kukan da ta yi mako tana haɗiyewa.

Bayan sakamakon jarrabawa ya fito aka ɗaura auren, wata Asabar da safe a ƙofar gidan su Marwa. Sufyan kwana bakwai ya yi yana maimaita layinsa a rumbun wake, duk da wannan karon sunan da ya ɓata wasa shi ne daidai. Baffan Lamine, Malam Ishaƙu, shi ya karɓa. Marwa tana ɗaki cikin ƙawaye, hannu da lalle, gabanta bai daina faɗuwa ba sai da ta ji maroƙi ya ɗaga murya yana cewa ya ɗauru.

Wayarta ta yi ƙara.

"Kurciyata, an bayar, an karɓa, kuma ba wanda ya miƙe ya ce a dakata. Kin daina rawa?"

Ta share hawaye ta rubuta: "Ban daina ba, Mai Raɗa. Amma yanzu ta murna ce."

Inna Hajara ta shigo, ta kama hannun ɗiyarta, ta zura mata zoben azurfar da kanta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari," in ji ta. Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Kuma ki faɗa wa mijinki, in zai sake rubuta aure a teyatur, kada shi kuskura shi ba Sufyan riga."