Hannun da Ya Gaji Kafin a Kira Shi

A birnin Adelaide akwai wani yaro mai hannun jifa. Shekararsa goma sha bakwai, yana ajin ƙarshe a sakandare. Tun yana ƙarami ba shi da zance sai na wasan besbol, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya yi ƙoƙarin buge ta da sanda.

Ana nan sai babbar ƙungiyar garin ta kira shi gwaji. Ba ƙungiyar unguwa ba fa. Ta ƙwararru, wadda sai ka sayi tikiti kake kallonta.

'Yan karɓa suke nema. 'Yan karɓa su ne masu jifan da ke zaune cikin wani shingen waya, can ƙarshen fili, suna jira. In mai jifan farko ya gaji, sai wayar da ke jikin bangon shingen ta yi ƙara. Koci ya faɗi suna. Wanda aka kira ya tashi ya ɗumama hannu, ya fito ya karɓi wasa.

Gurbi biyu suka rage a shingen. Samari biyar ke nemansu.

Mai cafe musu ƙwallo a shingen wani ƙato ne, Tevita. Ranar farko ya tara su ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku. A nan ba a jifa sai an kira sunanka. A gida ma ban yarda ba. Hannu ba famfo ba ne da za ku bar shi yana zuba."

Duk suka ce sun ji.

Cikin samarin akwai wani dogo, Darcy. In Darcy ya yi jifa, ƙwallon kan faɗa safar fata da ke hannun Tevita da ƙara, tas! Kamar an fasa katako. Har masu share fili sukan juyo.

In yaron nan ya jefa tasa kuwa, sai ka ji ɗan tuf.

Darcy ya kwashe da dariya. "Kai Ɗan Makaranta! Jifa ka yi, ko miƙa masa ka yi?"

"Tawa lanƙwasa take yi," in ji yaron.

"Lanƙwasa! Ka dai je ka ƙarasa aikin gida, kada malama ta tsare ka."

Sauran suka yi dariya. Yaron ma ya yi yaƙe. Ya ce a ransa, "Shi ke nan. Koci zai ji ƙarar ta Darcy, ba zai ji tawa ba. Ni za a fara kora."

Kai, tsoro mugun mashawarci ne! Shi ya raɗa masa a kunne cewa ya ƙara ƙarfi a ɓoye.

Da safe kafin makaranta, yana bayan gida yana jifan bangon gareji. Da an tashi tara, yana bayan ɗakin motsa jiki. Bayan atisaye, in kowa ya watse, sai ya zagaya bayan rumfar 'yan kallo ya yi ta narka wa raga ƙwallo. Kowane jifa da iyakar ƙarfinsa. Ƙara kawai yake nema.

Ba a daɗe ba gwiwar hannunsa ta fara zafi. Daga nan ƙaramin yatsansa ya riƙa yin sanyi, kamar ba nasa ba.

Ran Asabar da safe, ranar wasan gwaji, yana shafa wa burodi bota. Mamarsa ta tsaya da kofin shayi tana kallonsa.

"Yaushe ka zama bahago?"

Ya yi sauri ya mai da wuƙar hannun dama. "Wasa nake, Mama."

"Ɗaga mini butar nan."

"Mama, zan makara."

"Ɗan nan, ni na haife ka. In hannun nan na ciwo, ka faɗa wa kocinku."

"Lafiyata ƙalau!" Ya suri jakarsa ya fice.

An raba ƙungiyar gida biyu, za su kara da juna. Rana ta take. Iyalan 'yan wasa sun cika rumfa, ƙanshin tsiran nama da albasa na tashi daga wajen masu gashi. Yaron bai iya cin komai ba.

Yana zaune a shinge, yana ɓoye hannu cikin riga. Wayar ta yi ƙara. Ya kasa kunne.

Darcy aka kira. Ya shiga fili ya fitar da masu bugu uku a jere, babu wanda sandarsa ta taɓa ƙwallon, ya dawo yana taunar cingam yana buga ƙirji.

Can wayar ta sake yin ƙara. Tevita ya ɗauka, ya ajiye.

"Ɗan Makaranta, kai ne. Tashi."

Ya fara ɗumama hannu. Ta farko ta yi sama. Ta biyu ta daki ƙasa. Tevita ya ɗaga abin kare fuskarsa ya dube shi.

"Ƙanena, hannun nan lafiya?"

"Lafiya lau. Zumuɗi ne kawai."

Ya ruga zuwa tudun jifa da ke tsakiyar fili. Koci Delaney na tsaye a can da ƙwallo a hannu, don shi ke miƙa wa duk wanda zai karɓa. Bai sakar masa ita nan da nan ba.

"Dube ni, yaro. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Yaron ya waiga. Ya hango Darcy ya jingina da shinge yana kallo.

"Babu, Koci."

Koci ya sa masa ƙwallon a hannu ya tafi.

Wanda ya fito da sanda don ya buga ƙwallon sunansa Hamish. Duk ƙungiyar babu mai kirkinsa. Shi ke rage wa yaron hanya a motarsa in bas ta wuce shi. 'Yarsa ƙarama tana rumfa kan cinyar uwarta, tana ɗaga masa hannu.

Yaron ya riƙe ƙwallon. Bai ji ɗinkinta a yatsunsa ba. Sam bai ji ba. Ya kamata ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Maimakon haka sai ya cije leɓe, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya saki.

Wani zafi ya tsarga masa daga gwiwar hannu har kafaɗa. Ƙwallon ta kuɓuce. Ba ta nufi safar mai cafewa ba. Kan Hamish ta nufa.

Ƙwas!

Hular kwanon Hamish ta yi tsalle gefe. Sandar ta faɗi. Shi ma ya zube, bai ko motsa ba.

Fili ya yi tsit. Sai muryar yarinyar nan ta tsaga shirun.

"Baba! Baba!"

Mutane suka ruga. Likitar ƙungiya ta durƙusa kansa tana kiran sunansa. Yaron na tsaye kan tudu. Yana so ya je, ƙafa ta ƙi. Yana so ya gudu, ƙafa ta ƙi. Abu ɗaya ke yawo a kansa: "Na kashe shi. Na kashe Hamish."

Sai can ya ga ƙafar Hamish ta motsa. Aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, motar asibiti ta tafi da shi.

Koci Delaney ya taho. Fuskarsa ta yi ja wur.

"Ban taɓa ganin ka yi jifa irin wannan ba. Me ya faru?"

Hawaye suka zubo wa yaron. "Koci, ba na jin yatsuna."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ina ta jifa a gida, da makaranta, da bayan rumfa. So nake tawa ta yi ƙara kamar ta Darcy."

"Ƙara!" Koci ya cire hularsa ya maka ta a cinya. "Ganga na ce ina nema? Na tsaya a nan, na dubi tsabar idonka na tambaye ka. Tevita ya tambaye ka. Ka ce lafiya lau! Ƙwallon da ke hannunka tamkar dutse take, yaro, kuma mutum ne tsaye a gabanka. Mai iyali!"

"Na tuba, Koci."

"Hannun da ya gaji ina da maganinsa. Bakin da ke mini ƙarya fa, me zan yi da shi? Ba ka ƙara taɓa ƙwallo sai likita ta yarda. In an gama zaɓe kafin nan, kai ka jawo. Kuma ba ni za ka ba haƙuri ba. Ka san inda za ka."

Mamarsa ce ta kai shi asibiti. A mota ya kasa ɗaga kai.

"Mama, in bai tashi ba fa?"

"Za mu je mu gani."

"Ba zan iya shiga ba. Matarsa na ciki."

"Za ka shiga," in ji ta. "Da safe ka guje mini. Yanzu babu wajen gudu. Ina bayanka, amma bakinka ne zai yi magana."

Suka tarar da Hamish zaune kan gado, an ɗora masa ƙanƙara a gefen kai. Wurin ya kumbura suntum. Matarsa na gefe rungume da yarinyar, ba ta ko yi murmushi ba.

Hamish ya kanne ido ɗaya. "A'a, ga maharbin nan! Mutumina, in kujerar gaba kake so a motata, ai sai ka faɗa. Ba sai ka cire mini kai ba."

Yaron ya kasa dariya. Ya faɗi duk abin da ya yi, bai rage komai ba.

Matar ta ce, "Ka san da babu hular nan, da yanzu wani zancen ake?"

"Na sani. Ku yafe mini."

Ta dubi hannunsa. Sannan ta ce, "Je ka nuna wa likita hannun naka tun da kana nan."

Aka duba. Jijiya ce ta wahala, amma ba ta tsinke ba. Likita ta ce saura kaɗan. Ta ba shi hutu.

Hutun nan ya fi masa jifa wuya. Kullum yana shinge yana ɗauko wa mutane ruwa. Yana kallon sauran huɗun suna gwada kansu. Kuma duk sanda ya rufe ido, sai ya ji ƙwas ɗin nan.

Likita ta sallame shi ana saura wasan gwaji ɗaya. Ya ɗumama hannu daidai yadda Tevita ya ce, bai ƙara ko ɗaya ba. A ranar, Tevita ne ke cafewa a cikin fili.

Da aka kira yaron ya hau tudu, sai ya ɗaga kai ya dubi mai bugu. Hamish ne tsaye da sanda. Ya warke, ya sa sabuwar hula. Koci ne ya shirya haka da gangan.

Yaron ya damƙe ƙwallon. Ya jefa ta farko can nesa da Hamish, har sai da Tevita ya yi tsalle ya cafo ta. Ta biyu ma haka.

Hamish ya sauke sanda. "Kai! Ina nan fa, ban tafi birnin Melbourne ba!"

'Yan kallo suka yi dariya. Tevita ya nemi a tsaya, ya tako zuwa tudu.

"Ƙanena, hannu ne?"

Yaron ya ce, "Hannu lafiya. Wannan karon da gaske. Tsoro nake ji, Tevita. Ina ganin zan sake samunsa."

"Madalla. Wannan mun iya da shi." Tevita ya daki safarsa. "Kana jin ɗinkin ƙwallon a yatsunka?"

"Ina ji."

"To kada ka kalli Hamish, ba kyau ne da shi ba. Kalli nan. Ba ni taka mai lanƙwasa. A hankali."

Yaron ya ja numfashi. Ya kalli safar. Ya saki.

Ƙwallon ta taho kamar za ta wuce ta sama, sai ta sunkuya. Hamish ya kai mata duka ya sami iska. Tuf.

Ya sake. Hamish ya sake dukan iska, har ya juya kamar mai rawa.

Ta ƙarshe ta fi su duka sunkuyawa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Sau uku ke nan Hamish ya kuskure, ya fita! Ya tafi yana girgiza kai yana dariya, ya nuna yaron da sanda. "Yau a ƙasa za ka koma gida!"

Bayan wasa Koci ya tara samarin biyar. Ya gode wa uku, ya ce su dawo baɗi. Ya kira Darcy ya ba shi gurbi ɗaya. Sannan ya juyo wajen yaron.

"Tevita ya gaya mini abin da ka ce masa a kan tudu. Da ka sake cewa lafiya lau, da yanzu kana tashar bas. Gurbin naka ne. Ina da mai ƙara guda, ya ishe ni. Mai lanƙwasa nake so, wanda in na tambaye shi zan ji gaskiya."

Darcy ya zungure shi da kafaɗa. "Ɗan Makaranta, wannan mai sunkuyawar, za ka koya mini?"

"In ka yi mini aikin gida," in ji yaron.

Har Koci sai da ya yi dariya.

Yara, ku riƙe wannan. In wani abu na damun ku, ciwo ne ko tsoro, ku faɗa wa manya tun da wuri. Ɓoye shi ba jarumta ba ce. Abin da ka ɓoye don ka tsira, sau da yawa a kan wani bawan Allah yake faɗawa.