Ranar Da Baban Auta Ya Ɓata

"Auta, yau kam sai kin ba ni amsa!"

Ta juyo, murya ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah, Mai Jita, ba ka ganin aiki nake yi?"

A bayanta baƙi ne cike da zauren gidan tarihi, suna ta ɗaukar hotunan tsofaffin tukwane da takubba. Aikinta ke nan, zagayawa da baƙi tana ba su labarin tsohon gari. Duk shekara idan zafi ya kama aka buɗe bikin kaɗe-kaɗe, garin maƙil yake cika, ita kuwa ko ruwa ba ta samun sukunin sha.

A irin wannan bikin suka haɗu. Ya zo kiɗa da ƙungiyarsu, ya biyo ayarin baƙinta, ya ishe ta da tambaya, har da wai ko ita ma cikin kayan tarihin take, don bai taɓa ganin irinta ba. Tun tana hararar sa har ta koma dariya. Daga dariya kuwa zuciya ta tafi.

"Gobe za a tashi bikin," ya ce. "Ummata ta gaji da tambayar yaushe zan kawo mata suruka. Ki ce to kawai, rabin raina, in turo magabatana."

"In bi ka garinku... Baba fa?"

"Mu tafi da shi mana! Ɗaki ne babu?"

Mahaifinta ne ya kula da wannan gidan tarihi har ya yi ritaya. Tun bayan rasuwar Innarta ciwon mantuwa ya kama shi. Yayanta yana nesa da iyalinsa, sai dai gaisuwar waya. Ita ce cinsa, ita ce shansa, ita ce maganinsa.

Kafin ta buɗe baki wayarta ta yi ƙara. Goggo ce, ƙanwar Baba, wadda ke zama da shi da rana.

"Auta! Babanku ya fita! Banɗaki kawai na zaga, na dawo na tarar da ƙofa a buɗe..."

Ta bar wa abokiyar aikinta baƙin, ta fita a guje, Mai Jita na biye da ita.

Titi ba masaka tsinke. Ganguna ta nan, lasifika ta can, rana kamar ta fasa kai. Suka duba tsohuwar kasuwa, suka zagaya hasumiyar agogo, suka leƙa har bakin rijiyar da aka kewaye da ƙarfe. Duk wanda ta tambaya sai ya kaɗa kai ya ci gaba da rawarsa.

'Yan ƙungiyarsu suka yi ta kiran Mai Jita a waya, lokacin hawansu dandamali ya yi. Ya kashe wayar ya jefa aljihu.

"Ka tafi, za su kore ka..."

"Su kora. Share hawayenki, za mu gan shi."

Sai da rana ta yi sanyi suka hango shi a kan tsohuwar gadar dutse, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ya zuba wa hanya ido.

"Baba!" Ta faɗa jikinsa tana kuka.

Ya janye a hankali, ya dube ta cikin tausayi. "Baiwar Allah, lafiya?"

"Ni ce, Baba... Auta ce!"

"A'a, Auta tana makaranta. Uwarta nake jira, ta nan take biyowa daga kasuwa."

Ta dafa bangon gadar. Ya sha manta rana, ya sha manta ko ya ci abinci. Amma fuskarta... bai taɓa ba sai yau.

Baba ya dube su su biyun, fuskarsa ta washe. "Ku baƙi ne ko? Ku zo in nuna muku garinmu."

Ya shige gaba suna biye. Ya nuna musu inda maƙera suke zama a da, da gidan da gobara ta ci aka sake ginawa, da bishiyar da ayari ke hutawa a ƙarƙashinta. Muryarsa tangaran, irin ta lokacin da yake ɗora ta a kafaɗa yana zagayawa da baƙi. Lungu bayan lungu, bai yi kuskuren kwana ko ɗaya ba, har ƙofar gidansu. Goggo ta tarbe shi da salati ta ja shi ciki.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka gani da idonka," ta ce. "Ni ya manta ni, amma bai manta garin nan ba. Idan na cire shi daga nan, me ya rage masa?"

"To ni zan dawo nan!"

"Ummanka fa, da ko tsayuwa ba ta iyawa? Wa gare ta bayan kai?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Zan jira ki, Auta. Komai daɗewa."

"Jiran me? Ranar da Baba zai rasu?" Muryarta ta karye. "Ina son ka, Allah ya sani. Shi ya sa nake tsoro... kada wata rana in tsinci kaina ina gaggawar mutuwar mahaifina saboda kai. Ka tafi, don Allah. Ka samo wa Umma surukar da za ta zauna da ita."

Ya daɗe yana kallon ta, idanunsa jajur. Ya juya, ya bi lungun har ya ɓace.

Washegari da yamma kiɗa ya ɗauke, motocin makaɗa suka fara ficewa daga gari. Tana tsugune tana shafa wa ƙafar Baba magani inda dutse ya yanke shi, tana jin ƙararsu ta taga. Hawayenta ya ɗiga a kan ƙafarsa.

Baba ya dafa kanta.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Ɓata kika yi? Gaya min gidanku in raka ki, babu inda ban sani ba a garin nan."

Ta kifa fuskarta a gwiwarsa, kuka ya ƙwace mata.

"Bar shi, Baba... nan zan zauna."