Maruƙa Masu Lasar Katanga

A wani zamani can baya, an yi wani mutum mai gaggawa, wanda ko tuwo a tsaye yake ci. Yana da maruƙa uku da yake so su yi ƙiba kafin damina. Da kaka maƙwabta suka duƙufa tara harawar wake da ta gyaɗa, shi kuwa ya ce ɓata lokaci ne. Ya tafi jigawa ya yanko ciyawar da ta bushe a tsaye, ya cika rumfa rana ɗaya.

Da rani ya yi, maruƙan suna ci suna ƙoshi, amma ba girma, sai lasar katanga. Ya ƙara musu ciyawa, suka koma katanga. Ya sauya musu turke, suka koma katanga. Ya ɗauko sanda, suka koma katanga, har suka huda ta.

Ta wannan hudar ce tsohuwar maƙwabciyarsa, Inna Tabawa, ta leƙo.

"Ɗan nan, me kake ba su?"

"Ciyawa mana, Inna. Dubi cikinsu kamar tulu."

"Ciki ya cika, ƙashi ne ke jin yunwa. Ciyawarka ba gishiri a jikinta, shi suke nema a ƙasa. Ungo harawa da kanwa, haɗa musu."

Ya zuba musu, ya yi ta zarya a kansu. Can ya ce, "Inna, har yanzu ba su yi ƙiba ba."

"Zauna," in ji ta. "Kwaɓa laka ka toshe mini katangata."

Ya zauna yana yaɓe, maruƙan na ci a bayansa. Ko ɗaya daga cikinsu bai waiwayi katangar ba.