Mai Mage

"Malam, dakata haka nan. Ƙara cusa shi ciki kake yi."

Bai ji ta ba. Yana durƙushe a tsakiyar falo, hannun riga a naɗe, yana dirzar kafet da burushi kamar sun yi faɗa. Ƙofar ma a buɗe ta same ta. Auta ta ajiye bokiti da jakar kayan aiki, ta sake yin sallama, sannan ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ta daɗe tana wankin kafet da kujeru a shagon Goggonta, ta shiga gidaje iri-iri, ta ga masu faɗa da masu jin kunya, amma ba ta taɓa ganin babban mutum yana hawaye a kan aman mage ba.

"A nan take zama..." ya ce. "Matata. A daidai nan."

Sai a lokacin ta lura da hoton da ke jikin bango, da shirun gidan, da wata tsohuwar farar mage da ta lafe a ƙarƙashin tebur tana kallonsu. Ta yi wa marigayiyar addu'a, ta miƙa hannu, ya ba ta burushin ba musu.

Ya riga ya yi ɓarna. Ya zuba ruwan zafi, ya dirje, tabon ya bazu ya yi rawaya. Ta kankare abin da ya saura da gefen kwali, ta shimfiɗa farin tawul ta riƙa dannawa a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Ta fesa ruwan sanyi mai ɗan sabulu da ruwan khal mai tsami, ta ci gaba da dannawa har tawul ya daina ɗaukar launi. Sannan ta barbaɗa garin soda, ta ce a bar shi ya bushe ya shanye ƙarnin, gobe za ta zo da inji ta zuƙe.

"Zai fita?"

"Zai fita, in sha Allahu."

Ya zauna a bakin kujera kamar an sauke masa kaya. Ba ta tambaye shi ba, shi ya fara ba ta labari. Sunan magen Gimbiya. Matarsa ce ta tsince ta tana jaririya tun kafin aurensu, da ita ta tare. Bara ciwo ya ɗauke matar, ya bar shi da magen da ba ta taɓa yarda ya taɓa ta ba. Shi a asibiti yake aiki, ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, kullum ya dawo gida ya tarar da ita a bakin ƙofa tana leƙa bayansa, ko akwai wadda suka taho tare.

Da Auta ta koma shago ta ba da labari, Goggo ta raɗa masa suna Mai Mage, sunan kuma ya bi shi.

Gimbiya ba ta daina amai ba. Yau a kan kujera mai zaman mutum uku, jibi a kan kushin, wani lokaci dunƙulen gashi, wani lokaci ruwa mai kumfa. Auta ta koya masa yadda zai yi da kansa: ya kwashe da wuri, ya danna kada ya goga, in kujera ce kada ya jiƙa ta sosai don kada ruwan ya kai ga soso. Har kwalbar feshi ta haɗa masa. Duk da haka bai fasa bugo waya shagon ba.

"Wannan bawan Allah," in ji Goggo, tana kallonta ta saman tabarau, "ko dai magen ce ba ta da lafiya, ko shi."

Auta ta sunkuyar da kai tana ninke tawul. Goggo ce ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta san ta ciki da bai. Ta san yadda wani saurayi ya taɓa kai maganar aure har gabanta, daga baya ya zame, wai danginsa sun ce ba za su haɗa jini da mai goge ƙazantar gidajen mutane ba. Tun daga lokacin Auta take ɓoye hannuwanta a cikin mayafi idan za ta gaisa da mutane, saboda sabulu ya cinye mata fata.

Mai Mage bai taɓa kallon hannun da ƙyama ba. In tana aiki yakan durƙusa a gefe ya riƙe mata bokiti, ya haɗa mata shayi ya manta bai sa sukari ba, su yi dariya. Abin da ya fi ba shi mamaki, Gimbiya ta fara fitowa daga ƙarƙashin tebur tana goga kai a ƙafar Auta.

Wata ranar da yamma ta zo ta tarar da kujerar tas, ya riga ya gyara wurin, har garin sodan ya zuƙe.

"To me zan yi a nan?"

Ya daɗe yana murza yatsunsa.

"Na iya tuntuni," ya ce. "Ke nake kira, ba aikin ba. Ranar da kika zo ce kawai nake jin gidan nan akwai mutum a ciki. Auta... ina son ki. Ban zaci zan sake faɗa wa wata wannan maganar ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, har ta kai titi kafin ta tuna ta bar bokitinta. Sai da ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta amsa masa ta waya, da murya ƙasa-ƙasa, cewa ita ma haka ne.

Labari ya kai ga Yayarsa, wadda ita ce babba a gidansu, ba a yanke komai sai da ita. Ta ce sam. Dama tana da wadda take yi masa sha'awa, maƙwabciyarsa ta bene na sama, ƙawar marigayiya, wadda tun rasuwar take aiko masa da abinci a kula, ta san ranakun da yake aikin safe da na yamma. Ita maƙwabciyar ba ta taɓa ɗaure wa Auta fuska ba. Kullum suka haɗu a matakala sai ta yi murmushi ta ce sannu da aiki, ƙanwata.

Ranar da abin ya faru, Auta tana durƙushe tana danna tawul a hannun kujera, Mai Mage yana riƙe da kwalbar feshi, sai ga Yaya ta shigo, maƙwabciyar na biye da ita. Ko amsa gaisuwa Yaya ba ta yi ba. Ta ce ai asiri ya tonu: an ga yarinyar nan da ido tana zuba wa magen wani abu a kwano, shi ya sa aman ya ƙi ƙarewa, don ta riƙa samun hanyar shigowa gidan. Maƙwabciyar ta share ƙwalla, ta ce wallahi ba ta so ta faɗa ba, amma magen amanar ƙawarta ce.

Auta ba ta kalle su ba. Shi ta kalla.

Ya dubi Gimbiya, wadda ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Ya dubi kwanon. Sannan ya ce, a hankali:

"Auta, me kika zuba mata?"

Da ihu Yaya ta yi mata har dare, da bai yi mata ciwo kamar wannan tambayar ba.

"Ruwan ɗumi," ta ce. "Haƙoranta sun tsufa, na jiƙa mata abincin ne don ta iya taunawa."

Ta mayar da kai ga aikinta. Suna tsaye a kanta ta gama dannawa, ta barbaɗa garin soda, ta matse tawul, ta haɗa kayanta. Ya biyo ta har ƙofa yana kiran sunanta. Ta ce masa in ya bushe ya zuƙe, ta sauka.

A shago ta yi kukan. Goggo ta rungume ta ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta rantse cewa muddin tana raye ƙafar 'yarta ba za ta sake taka wannan benen ba. An wulaƙanta ta sau ɗaya, ba za a yi na biyu tana kallo ba.

Makonni suka wuce. Yana bugowa, Goggo na katsewa. Auta ta ci gaba da zuwa gidajen mutane, ta wanke, ta busar, ta dawo, ba ta cin abincin kirki. Ta rasa wanda ta fi kewa, shi ko magen.

Rannan da hantsi ya zo shagon da kansa. Goggo ta tare ƙofa, amma Auta ta fito daga bayan labule ta ce a bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya rame shi ma. Ya ce bayan tafiyarta aman ƙaruwa ya yi, ya kai Gimbiya wurin likitan dabbobi, aka ce ƙodarta ce ta gaji, tsufa ne, ba wanda ya ba ta komai. Ya ce maƙwabciyar da ya ritsa ta ta kasa haɗa ido da shi, ya mayar mata da kulolinta.

"Amma tun kafin likita ya faɗa na san ba ki yi ba."

"To me ya sa ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro," ya ce. "Matata ta yi wata da watanni tana ramewa a gabana, ni da nake aiki a asibiti, ban gane ba sai da lokaci ya ƙure. Da na kalli magen nan ranar, sai na ga abin yana sake faruwa. Na rasa wanda zan tuhuma, bakina ya faɗa kanki. Ki yafe mini, abar ƙaunata."

Hawaye suka cika mata ido, amma ta girgiza kai. Ta ce ta yafe, sai dai yafiya daban, komawa daban. Ya tafi yana jan ƙafa.

Bayan 'yan kwanaki wayarta ta yi ƙara da rana tsaka, tana shanya kushin a bayan shago. Ya ce ba aiki ya kira ta ba. Gimbiya ta daina ci, ta daina shan ruwa, likita ya ce ba za ta kai gobe ba. Ya ce bai san yadda zai zauna da ita shi kaɗai ba.

Auta ta dubi Goggo. Goggo ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

"Ki ɗauki mayafinki," ta ce. "Don magen, ba don shi ba."

Ta sami Gimbiya kwance a cikin kwando, numfashi sama-sama. Yaya ma ta ji labari ta riga ta isowa, tana zaune a gefe, ta kasa ɗago kai. Auta ta zauna a ƙasa, ta ɗauki magen ta ɗora a cinya, tana shafa ta tsakanin kunnuwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Mai Mage ya matso, ya miƙa hannu da ɗar-ɗar, ya ɗora a bayanta. Wannan karon Gimbiya ba ta zame ba. Haka suka zauna har rana ta karkata, numfashin ya tsaya.

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro. Auta ta gane ba magen kaɗai yake yi wa ba, kuma ba ta ji kishi ba. Ta bar shi ya yi. Suka naɗe Gimbiya a zane mai tsabta, ya haƙa rami a gindin wata bishiya a bayan ginin, suka rufe ta.

"Gidan zai yi maka shiru," Auta ta ce, tana kallon ƙasa.

"Zai yi."

"Ni ba ni da ta cewa sai abin da Goggo ta ce. Ka san hanyar shago."

Goggo ba ta sauƙaƙa ba. Ta ce ba ta da matsala da shi, amma bakin da ya kira 'yarta mai ba dabba guba, shi zai zo ya wanke ta, kuma a shagon, a gaban ma'aikata. Kowa ya ɗauka maganar ta mutu ke nan, don an san Yaya ba ta taɓa ba wani haƙuri ba.

Sai ga ta da safe, cikin shigarta ta alfarma, tana ɗage zane saboda kumfar da ke malala a ƙasa. Babu kujera busasshiya, Goggo ta nuna mata benci, ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ga baƙuwa ba. Yaya ta jira. Da aka kashe inji, ta miƙe tsaye ta ce ta yi wa yarinyar nan ƙazafi, ta saurari maganar da bai kamata ta saurara ba, kuma ta ga da idonta irin zuciyar da Allah ya ba ta. Ta matsa ta kamo hannuwan Auta biyu daga cikin mayafi ta riƙe.

"Ki taimaka mini da ƙanena," ta ce. "Ni na kasa."

Goggo ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa.

"To, ku turo manyanku," ta ce. "Amma ku sani, aikinta ba za ta bari ba."

Ba a yi taro mai yawa ba. Ranar da aka kai Auta ɗakinta, bayan 'yan rakiya sun watse, ya tsaya a gaban bango ya kai hannu zai sauke hoton marigayiya. Auta ta riƙe masa hannu.

"Bar ta," ta ce. "Ita ta riga ni sanin darajarka. Zo mu yi mata addu'a tare."

Suka zauna gefe da gefe, suka ɗaga hannu.