Jan Tambari a Kwalin Mangwaro

Sufeto ya shiga masana'antar mangwaro da ƙarfe goma na safe. Kafin goma da kwata hanyar fita ta toshe.

Mutanen gari sun cika bakin get, ba masaka tsinke. Wata shida ke nan suna adawa da na'urar da ke haska mangwaro don kashe tsutsa kafin a kai shi ƙasashen waje. Yau da suka ji an sami gawa, sai suka zo da jarkokin fetur. Ma'aikata arba'in na ciki, shi kuwa Sufeto kurata biyu gare shi, motar ofis tana wurin bakanike kamar kullum.

Shugaban manoma, wani dattijo mai sanda, ya yi magana ta ramin get.

"Hasken nan ne ya kashe shi, Yallaɓai. Idan sha biyu ta buga ba ku kulle wurin nan ba, ba zan iya riƙe matasan nan ba."

Gawar ta mai duba kaya ce, tana kwance a ɗakin sanyi kusa da wani kwali buɗaɗɗe. Likitar masana'anta ta ce ciwon asma ne ya tashi, abin shaƙarsa kuma yana can kan teburinsa. A ciki ya kwana. Sufeto ya ɗaga hannun mamacin, ya ga babban yatsansa ja wur, alhali ba rauni.

"Wa ya rufe shi?" ya tambayi Manaja.

"Ai ƙofar da kanta take rufewa, Yallaɓai. Tsautsayi ne."

Sufeto ya buɗe ta, ya sake, ya tsaya yana kallo. Ko motsi ba ta yi ba. Sai da ya sa kafaɗa kafin sakatar waje ta faɗa.

"Yau dai ƙiwa take ji," in ji shi. Manaja ya shiga sharce gumi a cikin sanyi.

Dutsen da aka jefo daga waje ya faɗo a kan kwanon rufi, ma'aikata suka ƙara matsewa a bango. Sufeto ya kira shugabar masu shirya kwali, ya nuna mata ɗan tambarin da ke jikin kwalin.

"Rawaya muke manna shi, ranka ya daɗe. Idan kwali ya bi ta na'ura, shi da kansa yake rikiɗa ya koma ja. Shi ne shaidar an haska."

Sufeto ya jiƙa yatsa ya murza tambarin. Jan ya biyo yatsansa, rawaya ta leƙo daga ƙasa. Matar ta dafe ƙirji.

Mai gyaran lantarkin masana'antar ya fara da cewa shi ba ruwansa, waya kawai ya sani. Da aka matsa masa sai ya yi ƙasa da murya.

"Duk lokacin da aka kunna na'urar, fitilun ofis sukan lumshe. Sati uku ke nan ban ga sun lumshe ba. Na ja bakina, don iyali gare ni."

Saura minti ashirin kafin ƙarfe sha biyu. Warin fetur ya fara shigowa ta tagogi, Sufeto kuma ya san get ɗin ba zai jure ba.

Mutum ɗaya ke riƙe da makullin na'ura, wani siririn magidanci da ake kira Injiniya. Sufeto ya same shi zaune shi kaɗai a ɗakin aikinsa.

"Jiya ka kunna ta?"

"Kullum ina kunnawa."

"To juyo aljihun rigarka."

Jar maka, irin alƙalamin da ake rubutu da shi a jikin kwali, ta faɗo ƙasa. Injiniya ya daɗe yana kallonta.

"Dattijon da ke bakin get mahaifina ne," ya ce da ƙyar. "Ya sa na rantse ba zan ƙara haska mangwaro ba, ya ce in na yi bai yafe mini ba. Idan na bar aikin, 'ya'yana huɗu su ci me? Sai nake wuce da kwali na'ura a kashe, ina shafa jan da hannu."

"Mai duba kaya ya gano ka."

"Jiya ana tashi. Ya shiga ɗauko kwalin shaida, na tura ƙofar. Wallahi nufina ya saurare ni tukuna. Na ji yana bugu, tsoro ya kama ni, na tafi gida. Ban san da asmarsa ba."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya riƙo shi har bakin get, ya sa aka buɗe ƙaramar ƙofa.

"Ku saurara! Sati uku na'urar nan ba ta aiki. Ba haske ne ya kashe mutumin ba."

"To mene ne?" in ji dattijon.

"Ni ne, Baba," in ji Injiniya. "Ban karya maka rantsuwa ba."

Matasan suka fara ajiye jarkokinsu ɗaya bayan ɗaya. Da hannu dattijon ya yi wa jama'a alamar su ba da hanya, aka wuce da ɗansa ta gabansa, sannan ya zauna a ƙasa.