Abin da Motar Manaja Take Gani

Rana ta riga ta faɗa bayan tankin ruwa lokacin da Manaja ya danno hancin motar cikin gida. Unguwa ta yi tsit irin na gab da magariba, tsuntsaye sun gama hayaniyarsu, yara duk sun shige. Abokan aikinsa biyu na zaune a baya, sun nutse cikin kujerun fata, ya kunna musu tausa suna ta lumshe ido. Ya juya motar a tsakar gida, ya sa ribas zai shiga da ita rumfa da baya. Saura kaɗan ta shige, sai ta yi ƙara ta dafe birki da kanta, har kawunan baƙin suka bugi kujera.

A allon gaba kyamara na nuna bayan motar. Siminti ne a share, sai bango. Amma ga jan zane a tsakiyar wurin, da hoton ɗan mutum yana ƙyaftawa.

"Manaja, wannan ita ce babbar kuwa?" ɗayansu ya tambaya yana dariya. "Ko dai ta tsakiyar aka liƙa wa tambari?"

Da marinsa mutumin ya yi da ya fi masa sauƙi. Motar nan aji uku aka yi ta, kuma babu wanda ya taɓa zama da Manaja bai sha wannan karatun ba. Ƙaramar silinda huɗu gare ta, ita ce yake kira ta masu son a ce suna da ita. Ta tsakiyar silinda shida, da rufin gilashi. Tasa kuwa silinda takwas, ƙarfin doki ya haura ɗari biyar, bututun hayaƙi huɗu, kuma daga tsaye take kai gudun ɗari kafin mutum ya gama gyara hula. Kujerunta na hura sanyi, na hura ɗumi. Tana da kyamara ta kowace kusurwa, da na'urar da ke hango mutum ta taka birki tun direba bai gani ba. Wannan na'urar ce ta addabe shi tun ranar da motar ta fara kwana a gidan, kullum a wuri ɗaya, kullum da magariba. Ya mayar da ita wurin dillali an duba, an ce lafiyarta lau.

Wurin da take tsayawar kuwa, kowa a gidan ya san mazaunin waye. Nan Baba, mahaifin Manaja, yake shimfiɗa tabarmarsa tun kafin idonsa ya raunana, daga la'asar har a kira salla. Da motar ta kusa isowa aka kafa rumfa a wurin, aka mayar da tsohon bayan gida, tsakanin janareto da kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi. Duk wanda ya tambaya, Manaja cewa yake Baba ne ya zaɓi can da kansa, wai ya fi inuwa. Baba bai taɓa ƙaryata shi ba.

To, ranar nan dariyar baƙi ta hau masa kai. Ya shiga allon da yatsa ya lalubo na'urar ya kashe ta, ya murza maɓallin da ke sa motar gurnani, ya taka wuta. Ta zabura baya. Aka ji wani ɗan dum, marar ƙarfi, kamar an taka buhun tsumma.

Auta, 'yarsa mai shekara goma sha shida, tana ratsa tsakar gida da tiren shayin kakanta. Tiren ya suɓuce, kofi ya tarwatse. Ta tsaya ƙiƙam, idonta a kan tayar baya. Ladan na ɗaga murya dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rumfa, kuma baƙin ba su tsaya sallama ba.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da zarar haske ya fara ja, sai duwatsu su soma sauka a kan rumfa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifar ba ya gaggawa. Ba su taɓa samun mutum ba, ba su taɓa taɓa motar ba. Aka leƙa bayan katanga, aka hau tanki aka duba, babu kowa. Wani lokaci motar tana kulle, makullinta a aljihun Manaja, sai fitilunta su kawo, ƙararrawar bel ɗin kujera ta kama kuka wai akwai mai zama a kujerar baya. In ta yi shiru, sai a ji tarin tsoho daga cikin rumfa, alhali Baba yana ɗakinsa yana lazimi.

Abin da ya fi duwatsun tayar da hankali shi ne Auta. Ta fara jan ƙafar hagu. Asibiti suka ɗauki hoto suka ce ƙashi lafiya. Yarinyar da bakinta ba ya rufuwa, wadda kullum suke faɗan wasa da kakanta yana ce wa shayinta ruwan wanke kofi, ta koma ba ta cewa uffan. Da yamma sai ta ja ƙafa ta je bakin rumfa ta zauna a ƙasa, ta ranƙwafa kamar mai shekara tamanin, ta zuba wa bango ido. Ranar da uwarta ta kama hannunta za ta tayar da ita, ta ɗago kai ta yi magana da muryar da ba tata ba, kakkausa, ta tsohon namiji.

"Ina abokin zamana?"

Uwar ta saki hannun ta ja da baya tana salati. Manaja na tsaye a ƙofar falo, ya ji da kunnensa. Wallahi a nan take ya gane wa ake nufi, tun kafin kowa ya gane. Amma ya haɗiye, ya ce zazzaɓi ne ya hau mata kai. Kai, ɗan Adam! Mutum yana kallon 'yarsa tana ramewa, amma abin da ya fi tsoro shi ne a ji abin da ya yi.

"Baban Auta," matarsa ta ce masa washegari, idonta ya kumbura, "ko ka yarda ko kada ka yarda, na aika a kira Malam."

Malam ya iso bayan la'asar, dattijo siriri marar yawan magana. Ya zagaya gidan a hankali, ya tsaya a rumfa, ya wuce baya inda Baba ke zaune. Ya daɗe a can suna gaisawa. Da ya dawo, kallon da ya yi wa Manaja ya sa shi duban ƙasa. Aka shimfiɗa darduma a falo, aka zaunar da Auta jikin uwarta a lulluɓe. Ƙanen uwar da maƙwabta biyu suka zauna ta bakin ƙofa.

Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Haske na raguwa a taga. Can sai jifa ta fara a waje, ta yi ta yi, sannan ta tsaya cak. Yatsun Auta suka soma rawa, bayanta ya lanƙwashe, ta yi tarin nan da kowa ya sani.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuma ba da faɗa na zo ba."

"Wane ne kai?"

"Tsoho ne, musulmi kamar ka. Ina wurin nan tun ba a kafa tubalin gidan ba."

"Musulmi ne kai ka shiga jikin yarinya? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Na yi jifa ba a ji ba, na yi tari ba a ji ba. Ubanta kuwa ya karya mini ƙafa." Kan Auta ya juya a hankali har ya daidaita da Manaja. "Ƙarfen nan naka ya fi ka kunya. Kullum in ya gan ni sai ya tsaya. Kai ka rufe masa ido ka turo shi kaina."

Manaja ya ji gumi na bin bayansa.

"Me kake yi a wurin?" Malam ya tambaya.

"Jira nake. Shekara da shekaru muna zama da mai gidan nan na gaskiya. Bai taɓa ganina ba, amma in zai zauna sai ya yi sallama, yana jan carbi ina saurare. Rana ɗaya na zo na tarar da ƙarfe a mazauninsa."

"Yana bayan gida. Me ya hana ka bin sa can?"

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na je, Malam. Ku mutane kuna cewa mu ne masu zaman juji da bakin kwata. To ni aljani, na kasa zama inda ya ajiye ubansa."

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Ƙanen matar Manaja ya rufe baki da hannu. Manaja ya so ƙasa ta tsage ya shige, kunya ta kama shi har cikin ƙashi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Za ka fita," in ji Malam.

"In an ƙona motar."

"Ba za a ƙona ba. Mota ba ta yi laifi ba, kuma ba a yi mini sharaɗi a kan jikin 'yar mutane." Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Auta ta sandare, muryar ta yi kururuwa.

"Tsaya! Na bar maganar wuta. Na yafe ƙafata ma. Abu ɗaya ya rage. Mai motar nan ya faɗa da bakinsa dalilin da ya sa ya tayar da ubansa. Filin gidan nan zai ɗauki mota da tabarma, duk mun sani."

Malam ya juyo wajen Manaja. "Wannan ba hakkin aljani ba ne, ba don shi za ka faɗa ba. Amma tambayar tana wuyanka, ko ya fita ko bai fita ba."

Manaja ya buɗe baki, maganar inuwa ta zo masa har kan harshe. Sai ya dubi ƙafar 'yarsa, yadda ta karkace a kan darduma, da wuyanta da ya zama kamar sillen kara.

"Baƙi ne," ya ce. "Suna zuwa ganin motar. Ban so su tarar da shi a gefenta ba, da tsohuwar rigarsa, yana tari yana tofar da yawu. Kunyarsa na ji. Kunyar ubana na ji."

Sai a lokacin ya lura mutanen bakin ƙofa sun matsa gefe. Baba ne tsaye a wurin, ya dafa bango, ya lalubo hanya da kansa da ya ji kukan jikarsa. Babu shakka ya ji komai.

"Malam," tsohon ya ce a hankali, "kada a kama maganar yaron nan, ruɗewa ce. Ni na ce a mayar da ni can." Ya juya fuskarsa wajen da muryar take. "Kai kuma bawan Allah, in da gaske abokin zamana ne kai, sakar mini jikata. Ita ke ba ni shayi."

Auta ta yi wani dogon numfashi, muryar ta sake fitowa. "Na ji, na kuma yi alkawari ba zan dawo mata ba. Assalamu alaikum." Ƙafarta ta hagu ta yi karkarwa tun daga cinya har ɗan yatsa, sannan ta miƙe sak. Ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ga maza cike da falo, ta ja mayafi ta ɓoye fuska a jikin uwarta tana tambayar me ya faru. A waje babu jifa, sai kiran salla.

Maƙwabta suka fice ba wanda ya dubi Manaja, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa zai yi magana, tsohon ya ce lokacin salla na wucewa, a kama masa hannu.

Washegari da hantsi Manaja ya fitar da motar ƙofar gida, ya share rumfa da hannunsa, ya hana kowa taya shi. Auta na zaune a baranda tana cin abinci kamar wadda ta dawo daga tafiya. Ya je ya sami Baba ya ce yana so ya kai shi a duba masa idon nan, yau ba sai gobe ba.

"A cikin motar?" tsohon ya tambaya.

"A cikinta, Baba."

Sai da ya faɗa ya tuna cewa bai taɓa ce masa ya shiga ba, ko sau ɗaya. Baba ya sa aka ɗauko masa rigarsa ta zuwa masallaci, ya wanke hannu har sau biyu. Manaja ya riƙo shi har bakin mota, ya buɗe masa ƙofar gaba. Tsohon ya shafa fatar kujerar da bayan hannu, ya janye da sauri. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya tuɓe takalmansa, ya jera su a ƙasa bakin ƙofar, ya tsaya ba takalmi a kan tsakuwa.

"Nuna mini inda zan taka, ɗan nan," ya ce, "kada in ɓata maka."