Layar da Baduku Ya Zauna a Kai

A shekara ta biyu da hawan sarki na goma sha bakwai, wanda masu tarihi ke kira Auta saboda shi ne ƙarami a ɗakin ubansa, a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, birninsa ya cika wata huɗu a kewaye. Wanda ya kewaye shi kuwa ɗan gida ne. Baffan Sarki ne, ƙanin mahaifinsa, wanda masu zaɓe suka tsallake. Ya yi fushi ya shige duwatsun arewa, ya dawo da rundunar samudawa, kowannensu tsawon mutum biyu. Ganuwa ta hana su shiga, ƙishirwa kuma ta fara cin mutanen ciki.

Da abin ya ishi kowa, Baffa ya aiko da manzo. Ya ce a bar zubar da jinin talakawa, Sarki ya fito shi kaɗai ya kara da babban samudawan a filin ƙofar gabas. Za a buga tambari sau uku, wanda bai fito ba ya faɗi, wanda aka kayar kuma mutanensa su miƙa wuya. Sarki ya amince, kuma babu bafaden da ya ji ɗar, domin akwai rigar.

An ce sarauniyar aljanu ce ta ba kakan gidan wannan riga. Layu casa'in da tara ne a jikinta, muddin suna cike babu ƙarfen da zai ci mai sanye da ita. Shi ya sa sarakunan gidan ba su riƙe garkuwa, ganin sarki da garkuwa ma abin kunya ne a wurinsu. Sai dai da aka ciro ta daga adaka, aka tarar fatun layun sun bushe sun tsattsage. Aka kira babban badukun fada, wani dattijo mai laƙabi Basilla, aka ba shi kwana uku.

Basilla mutum ne mai hannu, kuma ya san yana da shi. Ga yadda yake aiki: ya ɓare tsohuwar fata ba tare da ya buɗe rubutun ba, ya naɗe da sabuwa, ya ɗinke, sannan ya cusa layar ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai don ta kwanta, ya kama ta gaba. Haka ubansa ya koya masa, shekara arba'in bai taɓa ganin aibin abin ba. Da safiyar rana ta huɗu dogarai suka tsaya masa a ka suna azalzala, ya ɗinke abin da ke gabansa, suka ɗauki riga suka yi gaba. Ya miƙe ƙafa yana jin babu kamarsa.

Matarsa ta shigo rumfar da tsintsiya.

"Malam, ɗan ɗaga in share. Kwana uku kana zaune wuri ɗaya kamar kaza a kan ƙwai."

Ya ɗaga. Ta kakkaɓe buzu, wani abu ya faɗo ya gangara gindin tulu. Ta ɗauka ta juya shi.

"Wannan kuma fa? Ko rabonka ka ajiye?"

Kallo ɗaya ya yi mata ya gane ta. Ta ƙarƙashin hammatar hagu ce, inda riga ke ninkewa ido ba ya kaiwa. Ya koma ya zauna a inda ya tashi. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo masa shi ne rijiyar bayan gida: a jefa ta ciki, wa zai sani? In ya yi magana, kansa ne zai tafi. In ya yi shiru mashi ya sami gurbin, Sarki ne zai tafi, birni ya bi shi.

"Ko dai mu yi shiru?" in ji shi. "Wuri ne kamar tafin hannu. Ta yiwu ma ba a same shi ba."

Ta jefar da tsintsiya. "Tashi, Malam. In yanka ka za su yi, su yanka ka a gaban Sarki. Ni ba zan iya zama da mutumin da ya ci gari da mazaunansa ba."

Daga nesa tambari ya yi bugun farko.

Dattijon da ya manta rabonsa da gudu, ranar ya yi. Ya bi ta layin dukawa, ya ratsa kasuwa babu kowa sai rumfuna, ya wuce mata jere da tuluna a bakin rijiyar da ba ta da ruwa. Takalmi ɗaya ya fice bai waiwaya ba. Yana isa ƙofar gabas bugu na biyu na tashi, an riga an zare sakata, Sarki na bisa doki, hannun hagunsa babu komai sai linzami.

Basilla ya kutsa tsakanin dogarai ya faɗi, ya ɗaga layar sama.

"Ranka ya daɗe, riga ba ta cika ba. Laifina ne, ni kaɗai."

Madawaki, wato shugaban mayaƙa, ya zare takobi. "Nawa Baffa ya saye ka, tsohon banza?"

"Mayar da takobinka," in ji Sarki. Yaro ne a shekaru, amma bai ɗaga murya ba. "Baba, ɗinkin zai yiwu yanzu?"

"Sai an tuɓe rigar, ranka ya daɗe. Kafin in gama an yi bugu na uku."

"Ina gurbin yake?"

Ya nuna. Sarki ya dubi gurbin, sannan ya ce a ba shi garkuwa. Fadawa suka dubi juna.

"Allah ya ja zamaninka," in ji Madawaki, "kakanninka ba su taɓa..."

"Kakannina rigarsu cike take. Baba, kai ka san fata, zaɓo mini."

Basilla ya wuce garkuwoyin manya masu ado, bai ko dube su ba. Ya bi sahun dakaru yana ƙwanƙwasa kowace da ƙashin yatsa yana saurare, har ya tsaya kan wata mummuna ta fatar ɓauna, duk tabo. Ita ya miƙa. Aka buɗe ƙofa, Sarki ya fita, dogarai biyu suka hau da baduku kan ganuwa riƙe da wuyan rigarsa, don in abin ya ɓaci a fara da shi.

Karon bai daɗe ba. Basamuden ya tako, ƙasa na amsawa, da ya ga garkuwa sai ya ɗan tsaya, ya waiwayi inda Baffa yake. Sannan ya saki mashi da dukan ƙarfinsa. Aka ji ƙara kamar an sari itace, doki ya durƙusa, Basilla ya rufe ido. Ihun da ya ji ne ya sa ya buɗe. Sarki na tsaye a ƙasa, ya shige ƙarƙashin ƙaton ya sare masa agara, sara na biyu ya gama zancen. Samudawa ba su san karya alkawari ba. Suka ɗauki gawar babbansu suka juya arewa, suka bar Baffa tsaye da 'yan barorinsa, aka je aka taho da shi kamar an je ɗauko kaya.

Kafin azahar ƙofofi duka a buɗe suke. Mutane suka kwarara kogin da ke bayan ganuwa, wasu da tufafinsu suka faɗa ciki, tsofaffi na kuka suna dariya. Basilla kaɗai ne bai sha ruwa ba, yana durƙushe a fada yana jiran hukunci, Madawaki kuwa bai huce ba. Ga Baffa a gefe cikin mari. Aka kawo garkuwar aka ajiye gaban Sarki.

Idon baduku, ko a bakin mutuwa, sai ya dubi fata. Ya ƙura wa hujin ido, ya manta inda yake.

"Ranka ya daɗe, wannan ba aikin ƙarfe ba ne. Ƙarfe yanka yake yi sumul. Wannan farfasa fatar ya yi."

Aka ba shi izini. Ya zaro basillarsa ya tono tsinin da ya karye a ciki, ya kankare da farce. Baƙin ya fita, fari ya bayyana. Hauren giwa ne aka feƙe, aka shafe da baƙin tukunya da mai. Kuma a tsakiyar garkuwa ya shiga, daidai ƙirji, nesa da hammata.

Sarki ya dubi baffansa.

"A gidan nan aka haife ni," in ji Baffa, kansa a ƙasa. "Na san abin da rigar ke tarewa, na san abin da ba ta tarewa. Ban taɓa zaton ɗan gidanmu zai riƙe garkuwa ba."

Sarki ya daɗe yana kallon tsinin. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har hawaye.

"Baba, ashe da ka cika aikinka, da yanzu kabarina ake haƙawa. Ku ba shi ruwa."

Basilla ya zauna daɓas a gaban Sarki ba da izinin kowa ba, ya sha, ya ƙara, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ka har tafin ƙafa, bai taɓa sanin numfashi na da daɗi haka ba. Madawaki da kansa ya kama hannunsa ya tashe shi, yana cewa a yafe masa zafin baki.

Abin da tarihi ya riƙe shi ne, Sarki bai kashe baffansa ba, ya tura shi wani ƙauye da masu tsaro, can ya tsufa ya rasu. Auta ya yi shekara arba'in da ɗaya a kan mulki, samudawa ba su sake saukowa ba. Mawaƙan fada sun yi wa rigar waƙa, sun yi wa takobin, baduku kuwa ko baiti ɗaya bai samu ba, kuma ban ji an ce ya nema ba.

Ni dai duk sanda na zo nan a labarin sai jikina ya yi sanyi. Gida mai sarakuna goma sha bakwai, da ganuwarsa da aljanunsa, ƙaddara ta rataye shi a wuyan tsoho ɗaya mai tsoro. Kuskurensa ba shi ya ceci birnin ba, domin da ya jefa shi rijiya, da Sarki ya fita hannu sake ya mutu. Abin da ya cece shi shi ne tsohon ya ɗauki laifinsa a hannu ya kai wa mai iko da wuyansa, mai ikon kuma ya tsaya ya saurara. Sarakuna da yawa sun rasa ɗaya daga cikin biyun nan, shi ya sa yau sai kufan biranensu.